Na Bi Sawun Kafuwar Kaduna Da Ƙafa

Da na ɗauki aikin haɗa wa ɗalibaina tarihin Kaduna, daga tashar jirgin ƙasa na fara, don dogo ne ya haifi garin. Kaduna ba ta da ganuwa ko tsohuwar fada irin ta Kano da Zariya. A takarda Turawa suka zana ta kafin a aza tubali.

Tun 1902 hedikwatar Arewa tana Zungeru, garin da zafi da sauro suka addabi Turawa. Da layin dogo ya ƙetare kogin Kaduna ya isa Kano a 1911, sai Gwamna Lugga ya ƙyalla ido a kan wannan fili: ga ruwa, ga jirgi, kuma nesa da fadar kowane sarki. Sojoji suka fara tarewa, a 1917 gwamnati ta biyo baya.

Abin da tafiyar ƙafa ta nuna mini, mota ba za ta nuna maka ba. Na taso daga Lugard Hall, tsohon ginin majalisar Arewa, na ratsa tsohuwar unguwar Turawa: tituna a miƙe, kowane gida da makeken fili, itatuwa sun yi rumfa. Ina shiga Tudun Wada sai lissafi ya canza, gida na jingine da gida. Ba haka kawai abin ya faru ba. Ƙa'idar wancan zamani ita ce a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin Bature da baƙar fata, wai don gudun zazzaɓin cizon sauro. Wai! Amma kuku da boyi a bayan gidan suke kwana.

Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da cibiyar binciken tarihi ta Arewa House sun taimake ni ƙwarai, sai dai fayil ɗin Bature labarin Bature yake bayarwa. Gbagyi, waɗanda ke noma wannan ƙasa tun kafin a zo da ma'auni, da ƙyar kake tsintar su a ciki. Nasu labarin a bakin dattawa na same shi, kuma sai da haƙuri: ka gaisa, ka zauna, kada ka yi saurin zaro biro. Inda dattijo biyu suka saɓa kan wanda ya fara zama a wata unguwa, ban raba gardama ba. Na rubuta duka biyun, kowanne da unguwar da na ji shi.