Abin da aikin ɗaura kwamfireso a mota ya koya mana a Tahoua

Duk direban da ke barin kwalta ya nufi Tchintabaraden ko Tassara ya san sai ya rage iskar taya kafin ya shiga rairayi, daga bar 2.5 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iska) zuwa wajen 1.2, in ba haka ba mota ta nutse har shasi. Wahalar tana wajen dawowa kan kwalta, inda babu mai faci kusa, kuma tafiya da taya mai laushi cikin zafin bazara fashewa take kawowa. Shi ya sa masu Hilux da Land Cruiser ke zuwa gareji a ɗaura musu kwamfireso, wato injin hura iska, mai bolt 12 da tankinsa.

Mafi yawansu tanki suke fara tambaya, alhali ba shi ke cika taya ba. Tanki mai lita 10 da aka cika zuwa bar 8, iskar da zai ba ka kafin ya sauko bar 2.5 lita 55 ce. Taya ɗaya mai lamba 265/70R16 kuwa tana bukatar sama da lita 70 don ta tashi daga 1.2 zuwa 2.5. Ke nan ko taya guda ba zai gama ba. Amfaninsa shi ne bugu ɗaya mai ƙarfi, na zaunar da bakin taya a kan janti, ko hure ƙura daga filta. Kuɗin a sa su a kwamfireso, a duba abin da aka rubuta a jikinsa: lita nawa yake bayarwa a minti, kuma yana iya aiki ba tsayawa ko sai an hutar da shi. Wanda aka rubuta yana aiki kashi 33 cikin 100 na lokaci, in ya yi minti 10 sai ya huta 20.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne waya. Irin wannan inji yana jan amfiya 30 zuwa 45, kuma daga batir zuwa bayan mota akwai mita 5 ko 6. In aka ja siririyar waya, wuta tana raguwa a hanya, injin ya riƙa nishi, ya yi zafi, a ce ai jabu ne. A sa mai milimita murabba'i 16, a zura ta cikin roba mai kariya, a ɗaure ta nesa da bututun hayaƙi. Fizibil, wato abin da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa, ya zauna kusa da kan batir, kada ya wuce santimita 20, domin wayar yake karewa: in ta goge a jikin shasi ta taɓa ƙarfe, shi zai ƙone maimakon mota. Gidan fizibil ɗin ma a duba. Mai araha za ka tarar robarsa ta narke ta yi baƙi, fizibil ɗin kansa lafiya lau. Wurin ɗaure mas kuma, wato wayar da ke mai da wuta ta jikin ƙarfen mota, a kankare fenti sai ƙarfe ya fito fes.

Firesosta, wato abin da ke tada kwamfireson a bar 6 ya kashe shi a 8, ba a bin da babbar wuta ta cikinsa. Rele zai tada, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa, relen ya ɗauki nauyin. Makunnin kuma a ɗauko wutarsa bayan kontak, wato makullin tada mota, don in iska na zurara da dare kada injin ya yi ta tashi shi kaɗai har batir ya mutu kafin asuba.

Iskar da ke fita daga kan kwamfireson tana da zafin da ke narka tiyo na roba. Rabin mita na farko a sa tiyo mai saƙar ƙarfe, sannan kilape mai hana iska komawa baya, sannan tanki. In babu kilape, injin zai tashi da nauyin bar 6 a kansa, fizibil ya yi ta ƙonewa. A jikin tanki dole a sami supap ɗin tsaro da ke buɗewa ya saki iska wajen bar 10, da agogon awo, da famfon zubar da ruwa a can ƙasa. Wani zai ce ƙasarmu busasshiya ce, ina ruwa? A buɗe famfon a watan Agusta a gani: ruwa ne ja kamar shayi, tsatsar cikin tanki ke nan. Tukunyar gas kuwa, ko da an wanke ta, ba a yi mata walda a mai da ta tanki. Gara tsohon tankin birkin babbar mota, in cikinsa bai ci ba.

Mazaunin kwamfireson ya zama inda iska ke ratsawa, a kan robobin rage girgiza, da ramukan da ke jikin shasi tun asali, ba a huda sabo a gefensa. Bakin shan iskar a ja shi da tiyo zuwa cikin kabin, don ƙurar hunturu tana cinye zoben fiston cikin ɗan lokaci. Haƙoran haɗi iri biyu ne a kasuwa, NPT na Amurka da BSP na Ingila. Suna shiga juna zagaye biyu uku su cije, amma ba sa riƙe iska ko an naɗa teflon.

In an gama, a bar mota a kunne a cika tanki, a shafa ruwan Omo a kowace mahaɗa a nemi kumfa. Sai a rubuta abin da agogo ya nuna, a bar ta ta kwana, da safe a sake dubawa kafin a ba mai ita makulli.