Famfon hawa na uku

Yau da asuba aka sako ruwa. A hawan ƙasa famfo har feshi yake yi, wani ma ya jona tiyo yana wanke mota, mu kuwa a hawa na uku iska kawai yake hurowa. Ina fitowa na tarar da Hajiya maƙwabciyarmu a tsakiyar matakala, ta dire bokiti tana haki, bakin zaninta ya jiƙe sharkaf. Na ce, "Hajiya, kawo in kai miki." Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana, gwiwar ce ta ƙi." Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Bututu ɗaya ke ba mu ruwa duka. Mai gyaran famfo ya ce duk hawan mita 10 yana cinye kusan bar 1 na ƙarfin ruwa (bar ma'aunin ƙarfin ruwa ne), ga na ƙasa sun jona inji kai tsaye a babban bututun suna zuƙe ɗan abin da ya rage. Gyaran kuwa sananne ne: ruwa ya fara taruwa a tankin ƙasa, inji ɗaya ya tura shi tankin sama, a sa wa na ƙasa bawul mai rage ƙarfi. Kuɗin ruwa ɗaya muke biya, bai kamata a ce tsohuwa ce ke hawa bene da bokiti ba.