Talata, ranar da muka zabge rabin tafiyar

Yau dai taswira ta sha ja-in-ja a gidanmu. Hutun da ke tafe ya haɗa daga Juma'a har Litinin, kuma tun makon jiya muka tsayar da cewa kan tsaunuka za mu nufa da mota, mu sha iska, mu huta. Da safe Abban 'yarmu ya miƙo min wayarsa yana murmushi, wai in ga tsarin da ya kwana yana yi. Masauki uku a wurare uku, kowane dare a sabon ɗaki, ga magangarar ruwa, ga wani ƙololuwa da ake hango gajimare a ƙasanka. Na duba sama na duba ƙasa, na ce, "Yallaɓai, wannan ai tsarin gwauraye ne. Ina ka ajiye mutuniyar taka a ciki?"

Mutuniyar kuwa, wadda ta kusa cika shekara biyu, tana ƙarƙashin tebur tana ƙoƙarin cusa takalminta cikin tukunya.

Abin da ya ruɗe shi lissafin waya ne. Waya takan ce awa kaza, amma ba ta san da canjin famfas ba, ba ta san da kukan neman ɗan tsanan da ya faɗa ƙarƙashin kujera ba. Sannan kilomita a kan tsauni ba ɗaya take da ta shimfiɗaɗɗiyar hanya ba. Hanyar da ke cike da kwana da hawa, in kana tafiyar kilomita 30 a awa, to kilomita 60 awa biyu ce cur, ko da ba ka tsaya ba. Mu kuma dole mu tsaya. Akwai shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wadda na daɗe da riƙewa a kaina: ɗan shekara ɗaya zuwa biyu kada a ɗaure shi wuri guda fiye da awa ɗaya a jere, ko a keken turawa ne ko a goye, yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, da barcin awa 11 zuwa 14 har da na rana. Na san a hanya ba kullum za a iya cika wannan daidai ba. Amma idan ka ɗora waɗannan lambobi a kan tsarin Abbanta, za ka ga babu inda yarinya za ta taka ƙasa sai wajen sauke kaya da loda kaya.

Na ce masa masauki ɗaya nake so, mu sauke jakunkuna sau ɗaya, mu riƙa fita da safe muna dawowa kafin barcin rana. Daren farko a baƙon ɗaki shi ne mafi wuya ga yaro. Wanda ya sauya masauki kullum kuwa, duk dararensa na farko ne. Na ƙara da cewa sannu ba ta hana zuwa. Ya ce, "Uwargida, ki ƙarasa karin maganar mana, sai dai a daɗe ba a je ba." Muka yi dariya, ya tafi aiki bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Da hantsi na kai motar gareji. Nan ne na fi daɗewa yau, kuma ban yi da-na-sanin zaman ba. Da na gaya wa bakaniken inda za mu, bai fara da inji ba, birki ya nufa. Ya cire taya ya duba kaurin fatar birkin, sannan ya tambaye ni yaushe rabon da a canza man birki. Ya ce yawancin masu mota sai bakin mai suka sani, sun manta da wannan. Shi man birki yana zuƙar laima daga iska sannu a hankali, kuma da ruwa ya yi yawa a cikinsa, zafin da zai tafasa shi ya ragu. A cikin gari ba za ka taɓa lura ba. A doguwar gangara, inda ƙafa ke kan birki minti bayan minti, ƙarfe kan yi zafi, man ya tafasa ya yi kumfa, sai ka taka ka ji fedar ta tafi ƙasa luɓus babu kamu. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a canza shi duk bayan shekara biyu. Aka zubar da namu aka zuba sabo.

"Hajiya, wa zai tuƙa a gangara?" ya tambaye ni.

Na ce ni da maigidan za mu riƙa karɓa-karɓa.

"To ku ji da kyau. Giyar da kuka hau da ita, da ita za ku sauko. Inji ne zai riƙe motar, birki taimako kawai zai yi. A taka da ɗan ƙarfi a saki, ba a jingina ƙafa a kai ba. Kuma don Allah kada wanda ya saka ta a firi wai yana tsimin mai."

Ya nuna min yadda ake sauke giya da hannu a motar otomatik, abin da ke gefen liba tun ranar da aka sayi motar ban taɓa kula shi ba. Ya duba ruwan lagireto, ya ce in allurar zafi ta tashi a hawa, a kashe na'urar sanyaya mota, a samu wuri a tsaya, kuma kada a kuskura a buɗe murfin lagireto da zafinsa. Ya kuma yi min kashedi cewa motar za ta yi nauyin jiki a sama, kada in ɗauka lalacewa ta yi. Iskar can ba ta kai ta ƙasa kauri ba, don haka injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke ƙara tura masa iska, yakan rasa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 1,000 da aka hau. Sauran abubuwan, iskar taya da safaya da jak da fitilu da abin share gilashi, ya bi su da sauri. Safayar ce kawai ta yi laushi, aka ba ta iska.

Na dawo na tarar yarinya ta yi barci, sai na samu sararin fito da kujerarta ta mota na wanke rigar na sake ɗaura ta. A kan wannan kujera ba na sassauci, ko da wa za mu ɓata. Mutane kan ce ai a cinya yaro ya fi jin daɗi. Jin daɗi dai kam, amma in aka taka birki ba shiri a kwana, babu hannun uwar da zai iya riƙe yaro. Har yanzu baya kujerar ke kallo, kuma haka za ta zauna sai yarinya ta wuce nauyi ko tsayin da aka rubuta a jikinta, domin kan ƙaramin yaro ya yi wa wuyansa girma, kuma zaman kallon baya ne ke tallafe kai da wuya da gadon baya a lokaci guda. A kujerar baya take, ba a gaba inda jakar iska za ta iya fashewa a kanta ba. Na ja bel ɗin da ƙarfina, na girgiza ta daga gindi, ba ta gota ya wuce santimita biyu da rabi ba, wanda shi ne iyaka.

Abu ɗaya da ya shafi tafiyar tsauni musamman: rigar sanyi mai kauri ba ta shiga ƙarƙashin igiyar kujera. Ana ganin an ɗaure tam, alhali soso aka matse, ba yaro ba. Sai a sa mata kaya marasa kauri biyu ko uku, a ja igiya har sai an kasa tsunkule ta a kafaɗa, sannan a lulluɓa bargo ta sama.

Sanyin ma lissafi ne da shi. Zafi kan ragu da kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000, ke nan wurin da ya fi inda muke da mita 1,500 zai iya fin mu sanyi da wajen digiri 10, kafin a zo maganar iska da dare. Abin mamakin shi ne rana ta fi ƙuna a can duk da sanyin, don hasken nan nata mai ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000. Hular sanyi da hular rana duka sun shiga jaka, sai ka ce garuruwa biyu za mu.

Bayan la'asar na kira Yaya, wadda ta raini yara ta kuma yi tafiye-tafiye da su fiye da ni. Ina fara ba ta labarin ƙololuwar nan ta Abbanta ta katse ni.

"Tsayinsa nawa?"

Na gaya mata. Ta ce hawa da rana a sauko ba shi ne abin tsoro ba, inda za a kwana shi ne magana. Ciwon da tsayi ke jawowa yakan fara ne daga wajen mita 2,500, kuma babba zai iya cewa kaina na sarawa, amma 'yar shekara biyu ba ta da bakin faɗa. Sai dai ka ga rigima ta ƙaru, ta ƙi abinci, ta daina wasa, barci ya gagara, wani lokaci har da amai. Matsalar kuma duk waɗannan alamun yaron da ya gaji da tafiya ma yana nuna su, to ta yaya za ki bambance da tsakar dare a inda asibiti ke da nisa? Maganin dai saukowa ne. "Ƙanwata, ki kama ɗaki a ƙasa-ƙasa kawai ki kwana da hankalinki," in ji ta.

Ta tuna min da kunne. Hawa da sauka kan toshe kunne, sauka ta fi tsanani, kuma 'yar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro ta fi ƙanƙanta a yara, balle in akwai mura. Haɗiya ce ke buɗe ta, don haka kofinta na tsotso ya kasance a hannu, a riƙa ba ta kurɓi-kurɓi a gangara. Sai tashin zuciya. An fi samunsa daga shekara biyu zuwa 12, wato yanzu muke shiga shekarunsa, kuma hanya mai yawan kwana ita ce gidansa. Ido na cewa a zaune ake, kunnen ciki na cewa ana lilo, sai ciki ya rikice. Ba ta waya ta kalli zane ƙara ta'azzara abin yake yi. Wannan ya ɗan sosa min rai, don a kan wayar nan na dogara in rigima ta tashi. Waƙa da tafi da ƙidayar shanu ta taga za su maye gurbi, gwargwadon abin da muryata za ta iya. Abin tauna mai tauri ko mai mulmul kuwa ba a cikin mota tana tafiya ba, don in ta shaƙe tana kallon baya ba lallai mu gani da wuri ba. Cin abinci sai an tsaya.

Kaya ban sha wahalarsu ba. Babbar jaka a but, ƙarama a ƙafata mai ɗauke da famfas, tsumman goge jiki, kayan canji nata da riga ɗaya tawa, leda, ruwa, maganin zazzaɓi da ma'aunin zafi. Bargonta da ɗan tsananta su ne ba za a manta ba ko me za a manta. Keken turawa na bari a gida, duwatsu ba wurinsa ba ne, goyo ya fi. Na kuma sauke taswirar yankin a waya, saboda sabis kan ɓace tsakanin tsaunuka.

Da Abbanta ya dawo da dare, na jira ya ci abinci tukuna. Ban yi doguwar magana ba, na jera masa abin da bakanike ya ce da abin da Yaya ta ce. Maganar birki ce ta fi shigarsa, kamar yadda na zata. Ya ɗauki wayar ya goge masauki biyu, ya bar na tsakiya, wanda ke cikin kwari, mai fili a gabansa inda yarinya za ta yi gudu ba tare da wani ya bi ta yana ihu ba. Na sa ya kira ya tambaye su ko barandar ɗakin tana da shinge, ko akwai ruwan zafi, da kuma nisan wurin shan magani mafi kusa. Suka ce ɗakin ƙasa ma akwai, muka ce shi muke so.

Lokacin tashi ne muka ɗan ja. Shi yana son mu fita da asuba tana barci, ni kuma na san in aka taɓa ta a wannan lokacin ta farka ke nan, yinin duka ya lalace. Muka daidaita a kan fita da hantsi bayan ta ci ta yi wasa ta gaji, a yi shimfiɗaɗɗiyar hanya tana ido biyu, a tsaya a ci abinci ta zazzaga, sannan ɓangaren kwana-kwanan ya faɗo daidai barcinta na rana. Ta haka za mu isa da sauran haske, kafin hazon yamma ya rufe hanya. Tuƙin dare a tsaunin da ba mu sani ba, wannan kam babu shi. Ranar Litinin ma da safe za mu juyo, kada mu haɗu da cunkoson masu komawa gida.

Ƙololuwar tasa ba ta mutu gaba ɗaya ba. Ya roƙi safiyar Lahadi, wai in gari ya yi garau kuma mutuniyar ta kwana lafiya, mu hau mu yi rabin awa mu sauko. Na ce mu ga daren Asabar tukuna. Magangarar ruwan kuwa na soke ta da hannuna, don hotunan wurin duwatsu ne masu santsi babu ko igiya a gefe.

Gobe in sha Allahu zan sa ta a kujerar mu zaga wata hanya mai kwana da ke bayan gari, in ga yadda cikinta zai karɓi abin. In ta yi amai, zan biya wurin likitanta kafin Juma'a in ji abin da ya dace da shekarunta, don ba zan ba ta maganin tashin zuciya da ka ba.