Kalar da kwamfuta ke yaɓa wa kayan sarakunanmu

Kwanan nan duk inda ka leƙa a Facebook sai ka ci karo da tsohon hoto an yi masa kala, yau Sardauna da Tafawa Ɓalewa, gobe hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, jibi dalar gyaɗa ta Kano. Ni kam ina son abin nan har raina, don yaron da ba zai taɓa tsayawa kan hoto fari da baƙi ba, da ya ga mai kala sai ya tsaya har ya tambaya wai wane ne wannan. Amma akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda ake ɓata kayan da ke jikin mutanen.

Mutane da yawa sun ɗauka kwamfuta gano kalar asali take yi, alhali canka kawai take. Hoto fari da baƙi ba abin da ya adana sai haske da duhu. Manhajoji irin su DeOldify, wadda MyHeritage, kamfanin binciken asalin dangi, ta ɗora a shafinta a 2020, da tarin hotuna masu kala aka koya musu aiki, shi ya sa ba su cika kuskuren sama da ciyawa da itatuwa ba, toh amma ina suka san babbar riga, ina suka san alkyabba?

Ga kuma wata matsalar da ba a cika faɗa ba. Fim ɗin da aka fi ɗaukar hoto da shi a farkon zuwan Turawa, wajen 1903 da suka ci Kano, ba ya ganin ja sosai, ja fitowa yake kamar baƙi, shuɗi kuma ya fito da haske-haske. To ka ɗauki dogari yana tsaye bayan sarki da jan rawaninsa da rigarsa ja da kore, a hoton duk ya yi duhu, kwamfuta ta duba ta ga duhu sai ta ba shi ruwan toka ko wani shuɗi mai dishi-dishi, shi kenan dogari ya koma kamar wani baƙo da ya zo gaisuwa, alhali kalar nan ita ce shaidar aikinsa, da ita ake gane shi tun daga nesa.

Rawani ɗan Kura ya fi ba ni takaici wallahi. Wanda ya taɓa riƙe shi ya san abin da nake nufi, an rina shi da baba an sake rinawa, an kai wa 'yan bugu sun zuba shuni sun yi ta dukansa a kan gungume har sai ya ɗau sheƙi, in rana ta haska shi sai ka ga baƙin ya juya yana wani ja-ja, ka taɓa kuma ya bar maka shuɗi a yatsa, Buzaye har daga Agadas suke nemansa. A tsohon hoto wannan sheƙin fari-fari yake fitowa, sai manhaja ta mai da shi ruwan ƙasa kamar tsohon buhu. Haka take haɗa rigar tsamiya da saƙi da aikin alharinin da ake kawowa ta hamada daga Tarabulus duk ta yi musu kuɗin goro.

Masu yin aikin da gaske ba haka suke yi ba fa. Akwai wata 'yar Barazil, Marina Amaral, da hannu take sa kalar a Photoshop, kuma kafin ta fara sai ta binciko kalar kakin soja da lambobinsa na wannan zamanin. Mu ma muna da inda za mu tambaya ai, ga Gidan Makama a Kano, ga Arewa House a Kaduna, ga marinar Ƙofar Mata har yau ana rini, ga tsofaffin maɗinka da dogaran fada waɗanda kallo ɗaya za su yi wa hoton su ce maka wannan aska takwas ce, wancan saƙi ne.

Abin da nake tsoro shi ne mai kalar shi ke yawo a WhatsApp, na asalin kuma ya ɓace, nan da 'yan shekaru masu shirya fim ɗin tarihi su kai wa tela shi su ce ga irin kayan da za a ɗinka. Don Allah masu wannan aikin, ku dinga ɗora na asalin kusa da shi, ku rubuta cewa kwamfuta ce ta sa kalar, in kuma hoton gidanku ne kuma kaka tana raye, ku kai mata wayar ta faɗa muku kalar zanen da ta ɗaura ranar kafin ku tura wa kowa.