Abin da Gyaran Sensar Salansa Ya Koya Mini

Tun daga 1996 doka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta zo da tsarin OBD-II, wato soket ɗin nan na ƙarƙashin sitiyari da muke jona kwamfuta. Shi ya sa yawancin motocin Kwatano da ke shigowa garejinmu kan faɗi ciwonsu da kansu. Ci gaba ne babba, amma ya jawo son sauƙi: da an ga lambar matsala irin P0130 ko P0135 a kwamfuta, sai a tura yaro Ƙofar Ruwa ya sayo sabuwar sensa. Abin da aiki ya koya mini shi ne, lambar tana nufin hanyar wutar baki ɗaya, daga fis zuwa waya zuwa soket. Ita sensar, ɗaya ce kawai a cikinsu.

Aikinta ba wuyar ganewa. Tana ɗaure a jikin salansa, tana shinshinar iskar oksijin da ta rage cikin hayaƙi, tana sanar da ƙwaƙwalwar mota ko a ƙara mai ko a rage. Tsohon samfurin, in lafiyarsa ƙalau, wutarsa kan yi ta hawa da sauka tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Ba ta fara aiki sai zafinta ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Celsius, don haka aka sa mata ɗan hita a ciki. P0135 kukan wannan hitar ne.

An taɓa kawo mana wata Corolla da aka sauya wa sensa a wani wuri, fitilar inji ta sake kamawa. Mai motar ya zo a fusace, yana neman a sa masa wata. Na ce, "Alhaji, yi haƙuri in sa mita tukuna." Na auna baƙaƙen wayoyi biyu na hitar, lafiya lau. Na juya ɓangaren motar, babu bolt 12, fis ya ƙone. Da na bi wayar da yatsa, sai ga inda ta kwanta a kan salansa: robar ta narke ta yi baƙi, jan ƙarfen na taɓa jiki. Ko sau nawa a sa sabon fis, ƙonewa zai yi. Aka gyara wayar, aka ɗaure ta nesa da zafi.

Akwai kuma inda sensar gaskiya take faɗa amma a zarge ta. In salansa ya tsage kafin wurinta, iska na shiga, sai ta ce mai ya yi kaɗan, motar ta dinga ɗura mai. Haka in an fasa tukunyar tace hayaƙi, wadda muke kira indomi, an kwashe cikinta: P0420 zai fito, kuma babu sabuwar sensar da za ta kawar da shi. Wasu Toyota kuma sensarsu ta gaba, wadda ke kafin indomi, wani iri ce daban, tsayawa take wajen bolt 3.3 a kwamfuta, wanda bai sani ba sai ya ce ta mutu.

Abin yana damuna ne saboda aljihun mutane. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, direban da motarsa ke shan fetur fiye da ƙima, abincin gidansa ake ci. Don haka ba na sallamar mota don na goge lamba kawai. Sai inji ya ɗauki zafi, na zaga da ita kwamfuta na jone, na ga adadin man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa ya dawo kusa da sifili.