Hawaye Ba Ya Biyan Bashi

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi sujada, na iske wani yaro cikin mawaƙanmu zaune a bencin baya, gaban rigarsa ya jiƙe da hawaye. Da bakinsa ya gaya mini damuwarsa. Kuɗin ƙungiya da aka ba shi ajiya ya taɓa, da aka tambaya ya ce ɓata suka yi, zargi kuwa ya faɗa kan wani ɗan'uwansa da bai san hawa ba bai san sauka ba. Na ce, "Ɗana, ka je wurin yaron nan?" Ya share ido ya ce, "Baba, ai na riga na roƙi Ubangiji gafara, na kuma ji salama a zuciyata." Gabana ya faɗi. Wannan maganar tawa ce, shekara talatin da 'yan kai da suka shige.

A lokacin ina aiki a wani ɗakin ajiyar kaya, littafin shiga da fita yana hannuna. Na riƙa zare kaya kaɗan-kaɗan ina sayarwa, da niyyar in cike gurbin kafin ƙidayar ƙarshen shekara. Sai ƙidaya ta zo da wuri. Da aka kira ni, ban ce abokin aikina ne ya ɗauka ba. Cewa kawai na yi shi ma yana da mabuɗi. Aka sallame shi. Har yau ina ganinsa yana tattara 'yan komatsansa a leda, ya miƙo mini hannu ya ce, "Ɗan'uwa, ka sa ni a addu'a."

Mahaifiyata tana kwance a lokacin, ƙannena uku suna makaranta, duk a wuyana, albashin kuma ba ya kai tsakiyar wata. Wanda bai taɓa riƙe takardar magani da aljihu wayam ba, kada ya yi saurin yanke mini hukunci. Kuma ai da gaske abokin aikin nawa yana da mabuɗin. To amma shi ma yana da mata da jariri, na kuwa sani. Na san abin da maganata za ta haifar tun kafin ta fita daga bakina.

Wata biyu bayan haka aka yi taron farkaswa. Na fita gaba, na durƙusa, na yi kuka har muryata ta dushe. Na riƙe 1 Yahaya 1:9, cewa in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne, zai gafarta mana. Ayar gaskiya ce, ba na ja da ita. Ni ne na mai da ita bargo na lulluɓa. Na daina satar, wannan kam na daina. Amma mutumin nan yana can yana yawo da sunan ɓarawo, ni ina nan ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Duk sa'ad da na zo kan Matiyu 5:23-24, inda Yesu ya ce ka bar baikonka a gaban bagade ka je ka fara shiryawa da ɗan'uwanka, sai in yi sauri in juya shafi.

Tubana irin na Sarki Saul ne. A 1 Sama'ila 15 ya amsa cewa ya yi zunubi, amma ya ɗora wa jama'a laifi, sa'an nan ya roƙi Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawa. Mutuncinsa yake jin tsoron rasawa. Dawuda kuwa, da annabi Natan ya nuna shi a kan maganar Uriya, sojan da ya sa aka kashe ya ɗauke matarsa, bai kawo hanzari ko ɗaya ba. Zakka mai karɓar haraji bai jira an tambaye shi ba, ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ezekiyel 33:15 ma ya haɗa juyowar mugu da mayar da abin da ya ƙwace. Duk na san waɗannan. Na ma koyar da su.

Shekara goma sha huɗu na yi kafin in nemi gidan abokin aikin nawa da aka sallama. Matarsa na tarar, shi ya riga mu gidan gaskiya. Na zauna a ƙasa na faɗi kome. Ta daɗe tana kallona, sa'an nan ta ce, "Ai ya san kai ne. Ya hana ni faɗa." Na ajiye abin da na kawo, ta tura mini shi da bayan hannu.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, 'ya'yana, amma da na zauna sai suka tsaya kaɗan. Ka je wurin wanda ka cuta, da ƙafarka, yau. Ban da saƙon waya. Ku yaran yanzu kome a waya, ku rubuta "yi haƙuri" ku manna hoton hannuwan addu'a, ku ce an shirya. Ku ɗauki hoton kanku kuna kuka a gaban bagade ku watsa wa duniya, wanda kuka ɓata wa suna kuwa ko gaisuwa ba ya samu. Wa ya koya muku haka? Mai yiwuwa mu ne, irina.

Na ce yau, amma kada ka tafi da zafin kai. Nemi fasto ko wani dattijo ya raka ka, domin akwai furcin da in an yi shi babu hikima sai ya ƙara wa wanda aka cuta ciwo. Sai dai kada neman dattijon ya zama wata shekara goma sha huɗu. Kada kuma ka ɗauka mayar da kaya shi ke sayen gafara. Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu, ya mayar da azurfa talatin, ya tafi ya rataye kansa. Bitrus, wanda ya yi musun sanin Yesu, ya yi kuka mai zafi, ya komo wurin Ubangijinsa. Jinin Almasihu ne ke wanke mutum, na gaskata ya wanke ni. Duk da haka ban yarda da salamar da ke barin wani cikin kunya saboda kai ba. Bulus ya raba baƙin ciki gida biyu a 2 Korantiyawa 7:10, ɗaya mai kai ga tuba, ɗaya mai kai ga mutuwa, kuma dukansu biyu suna zubar da hawaye.

Na gaya wa yaron labarin nan duka, a bencin da na same shi. Na ce ranar Laraba bayan addu'ar yamma zan jira shi a bakin ƙofar majami'a, mu tafi tare, ni zan fara yin sallama. Ya yi shiru, yana murza hular da ke hannunsa. Ya ce, "Baba, za su cire ni daga mawaƙa." Na ce za su iya. Ya ce zai yi tunani.