Mu Ne Masu Rubuta wa Titi Sunansa

Shekara ashirin da shida ke nan ina rubuta alluna da hannu. Allon shago, sunan layi, lambar gida, rubutun jikin mota, duk abin da ake so mai wucewa ya karanta ba tare da ya tsaya ba. Mu biyar ne a shagon, ni da yara huɗu, kuma biyu daga cikinsu hannunsu ya riga ya zauna, har ina iya tura su aiki ban bi su ba.

Maigidana da ya koya mini, Allah ya jiƙansa, bai ba ni burushi ba sai da na yi wata takwas ina wanke nasa. Ina wanke su da kananzir, in shafa musu mai, in daidaita gashin da yatsa, in kwantar da su a akwati kamar jarirai. Ranar da ya fara bari na rubuta allo, na zuba duk iyawata, na kawo masa ina jiran yabo. Ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, "Ɗauki ka jingina shi can bakin hanya, ka tsallaka ɗaya gefen, ka taho da sauri kamar wanda aka aika." Na yi yadda ya ce. Da na iso daidai allon, sai na ga haruffan sun cuɗe, sunan shagon ya nutse cikin adon da na cika masa. Na dawo jiki a sanyaye. Ya ce, "To ka gani, yaro. Mai shago ne zai biya ka, amma mai wucewa kake yi wa aiki."

Har yau ba na karɓar aikin allo sai na je na tsaya a titin da za a kafa shi. Ina duba faɗin hanyar, da inda rana ke bugowa da hantsi da inda take komawa da la'asar, da ko mutanen wurin a ƙafa suke tafiya ko a mota. Lungun da ake ratsawa a ƙafa yana ɗaukar ƙananan haruffa da ɗan ado, domin ido yana da lokaci. Babban titi kuwa kalma uku ta ishe shi, manya, masu kauri, fari a kan shuɗi mai duhu ko baƙi a kan ruwan ɗorawa. Mai shago zai so a sa masa duk abin da yake sayarwa, da lambar waya biyu, da hoto. Nakan zauna da shi in ce, "Alhaji, wanda ke bayan babur daƙiƙa biyu gare shi. Me kake so ya tafi da shi?"

Shi kansa harafi yana da hali. Idan ka rubuta O da S daidai tsayin H, ido zai ga sun gajarta, don haka sai an bar su sun ɗan haura layi sama da ƙasa. Tazarar da ke tsakanin haruffa ba a auna ta da ma'auni, da ido ake yi, saboda A kusa da W yana barin fili, I kusa da L kuma yana matsewa. Wannan ilimi ya girme mu nesa ba kusa ba. A birnin Rum akwai ginshiƙin sarki Trajan da aka kammala a shekara ta 113, kuma a rubutun da ke gindinsa layukan sama sun ɗan fi na ƙasa girma, domin wanda ke tsaye yana ɗaga kai ya ga kamar duk ɗaya suke. Na yi shekaru ina yin haka a allunan bene kafin in san cewa wani ya riga ni da kusan shekara dubu biyu.

Abin da ya fi ci mini rai a sana'ar nan shi ne masu buga leda a inji. Ban ƙi kwamfuta ba, akwai aikin da ita ta dace da shi, kamar sanarwar taron kwana biyu. Amma a ɗauki ledar da rana za ta cinye cikin shekara ɗaya a liƙa a goshin shagon da mutum yake fatan ya bar wa 'ya'yansa, wannan ba daidai ba ne. Ja ne ke fara gudu, sai ruwan ɗorawa ya bi shi, a bar ka da wani shuɗi-shuɗi mai kama da tsohon tsumma, gefe ya yage yana kaɗawa a iska. Kuma da yawansu ba su damu da lanƙwasar harafi ba. Na ga inda aka buga masaukin baƙi ya koma masaukin baki, ƙofa ta koma kofa, aka rataye shi haka kowa yana wucewa. Mu a shagonmu ƙ da ɗ da ɓ suna samun ƙugiyarsu cikakkiya, kuma yaron da ya manta da ita zai goge allon ya sake.

A bangon shagon na manna hotunan tsofaffin tituna na birane daban-daban, waɗanda na yi shekaru ina tarawa. Wanda na fi so shi ne na Pompeii, garin nan na Italiya da toka ta binne a shekara ta 79 bayan dutse ya yi aman wuta. Da aka tone shi, sai ga bangaye cike da rubutun ja da baƙi: wane yana neman kujera ku zaɓe shi, za a yi wasa ranar kaza. Masu sana'a ne suka yi su, wani ya shafe bango da farar ƙasa, wani ya bi da burushi. Ɗaya daga cikinsu, Aemilius Celer, har ya sa sunansa a ƙarƙashin wata sanarwa, ya ƙara da cewa shi kaɗai ya rubuta ta da hasken farin wata. Duk lokacin da dare ya same ni a kan tsani ina ƙarasa allo, mutumin nan yakan faɗo mini a rai.

Kafin a fara sa wa gidaje lamba, allo shi ne adireshi. A Landan ta da, shaguna suna rataye manyan alluna masu hoto da suka miƙo kan titi, zaki ko makulli ko jirgin ruwa, saboda yawancin jama'a ba su iya karatu ba. Suka yi yawa, suna tare haske, suna faɗowa kan mutane, sai a shekarun 1760 hukuma ta sa aka sauke su aka manna a bango, lambobi suka fara maye gurbinsu. A daular Ostiriya kuwa, a 1770, sarauniya Maria Theresa ta sa aka bi gida-gida ana shafa lamba don a san inda za a samo samarin da za a ɗauka soja. Shi ya sa a birnin Prag, wanda yake ƙarƙashin daular a lokacin, har gobe za ka ga gida da lamba biyu, ja ta tsohon lissafi da shuɗiya ta bin titi. Paris ta tsara nata a 1805, mara a gefe ɗaya, cika a ɗaya gefen, ana fara ƙirga daga wajen kogin Seine. Allunan sunayen titunanta masu farin rubutu a kan shuɗi, irin wanda ake gasawa a wuta kamar kwanon langa, sun zo a 1844, kuma su ne ma'aunin da nake gwada aikina da shi idan an ba ni sunan layi.

Sunan layi ba ƙaramin abu ba ne. A tsohuwar Alƙahira akwai Khayamiyya ta masu ɗinka tantuna da Nahhasin ta maƙeran tagulla. A Hanoi ta ƙasar Biyetnam tsofaffin layuka suna ɗauke da sunan hajar da aka saba sayarwa a cikinsu a da, wannan na azurfa, wancan na auduga. A Landan akwai titin burodi da titin madara, ko da yake kasuwar da ta ba su sunan ta daɗe da tashi. Wata shekara wani kwamitin unguwa ya kawo mini aikin alluna goma sha biyu. A cikin jerin na ga sun canja wa wani lungu suna, wanda kowa ya san shi da lungun masu sirdi, suka ba shi sunan wani mai hali da ya taimaka musu da kwalbati. Na ce da shugabansu, "Baba, a yi haƙuri, sirdi ya ƙare a lungun nan, sunan ne kaɗai ya rage yana gaya wa yara abin da kakanninsu suka yi." Ya yi shiru, ya ce zai koma ya shawarta. Bayan sati biyu suka dawo, aka ba mai halin sabon layin da ke bayan makaranta, lungun ya riƙe sunansa. Na rubuta wannan allon da hannuna, ban bar wa yara ba.

Ingancin aiki yana farawa tun kafin harafi. Kwanon sai an kankare shi, a bi da sanfefa, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, a bar shi ya kwana. Sannan shafi biyu na fentin ƙasa, kowanne da kwanansa. Sai a buga layi da zare mai alli, a zana da sauƙi, a jingina hannu a kan sanda don kada ya taɓa ɗanyen fenti, a ja kowane harafi da numfashi ɗaya. Masu kawo mana fenti ma sai an sa musu ido. Sau biyu wani dillali yana kawo mini gwangwanin da aka tsinka da kananzir aka mayar da murfi kamar sabo. Tun daga nan kowane gwangwani sai na buɗe shi a gabansa, na tsoma sanda na ga yadda yake zuba. Mai ciniki zai ce wancan na inji ya yi masa rabin kuɗina kuma gobe zai karɓa. Nakan nuna masa allon wani mai gyaran agogo da na rubuta shekara goma sha tara da suka wuce, wanda sau ɗaya kawai aka sake masa shafin sama. Araha ba ta ado, kuma ni ba na ba da allo kafin kwana biyar.

Yanzu haka akwai wani tsohon allon katako a kan teburina, jikan mai shagon ne ya kawo a sabunta. Da muka fara kankarewa sai ga wani rubutu a ƙarƙashi, na shagon tela, a ƙarƙashinsa kuma wani na mai sayar da fitilu, da irin haruffan da na san hannun maigidana ne tun daga yadda yake karya wutsiyar R. Na kira mai allon na nuna masa. Mun daidaita zan yi masa sabo a kan kwano, wannan kuma za a shafe shi da man kariya yadda yake, da sunaye ukun duka a bayyane, ya rataye shi a cikin shagon.